Baƙin Mai a Rijiyar Babana

Babana ne ya haƙa rijiyar tsakar gidanmu da hannunsa, a unguwar Hausawa ta Diobu cikin Fatakwal. Ina yarinya a lokacin, amma har yau ina jin dariyarsa tana fitowa daga cikin ramin. Fataucin albasa ne ya kawo shi kudu, sai dai haƙar rijiya ya gada, kuma a garinsu mutum kan yi wata da watanni yana sara kafin ya ga danshi. A nan kuwa, kansa bai jima da ɓacewa ba sai ga ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ɗago kai ya ƙwala wa Inna kira, ya ce, "Zo ki ga ƙasar da ba ta san rowa ba. Igiyar ɗaure akuya ma ta ishe ki guga." Ya jera zobban siminti, ya ɗaure bakin, ya yi mata murfin katako. Ba a jima ba unguwa duka ta koma ɗiba a gidanmu, har randar alwala ta masallaci a nan ake cika ta.

Da hankali ya tashi gab da yaƙin basasa aka fara gudu zuwa arewa, shi ya kai mu tashar jirgin ƙasa, ni da Inna da ƙannena. Ta taga ya cusa mu, don ƙofa ba ta shiguwa. Ya ce akwai wasu tsofaffi a unguwa da ba za su iya takowa ba, zai koma ya kwaso su. "Ku je, ina nan tafe a jirgi na gaba." Jirgi na gaba ya iso, babu shi. Na bayansa ma haka. Daga baya wani ya ce ya gan shi a tashar Inugu riƙe da buta yana neman ruwa. Wani kuma ya rantse da Allah a Anaca ya gan shi, a bakin kogi, cikin masu jiran kwalekwale. Kowa da inda ya gan shi, amma babu wanda ya ga ƙarshensa.

Inna ta ƙi yin takaba. Shekaru suka tafi, malamai suka ce mata shari'a ta ba ta dama, 'yan'uwanta suka yi lallashi har suka gaji. Amsarta ɗaya ce: "Wa ya wanke shi? A nuna mini wanda ya wanke shi." Ba mai iya kiran sa marigayi a gabanta. Ni kuwa abin yana ci mini rai. Ina so in yi kukan ubana kamar kowa, in huce. Amma yaya za ka yi kukan mutumin da ake ajiye wa tuwo?

Da yaƙi ya ƙare hanya ta buɗe, ta ɗaure kayanta ta ce Fatakwal za ta koma. A lokacin na gama makarantar horon malamai, an ma fara yi mini maganar aiki a gida. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa ta da kawuna, ko gezau. "In ya dawo, ina zai neme mu? Gidan da ya sani zai je." To, ba a barin uwa ta kama wannan hanya ita kaɗai. Muka bar ƙannena a hannun kawu, na bi ta ina ƙunƙuni tun daga tasha har tasha.

Mun tarar da gidan rabin kwanon babu, ciyawa har ƙugu, ƙofofi an cire an tafi da su. Inna ba ta ko dubi ɗakunan ba, kai tsaye ta nufi rijiya. Murfin katakon ya tafi, amma wani bawan Allah da har yau ba mu san ko wane ne ba ya rufe bakin da tsohon kwano, ya danne da dutse. Ta kwance igiyar ƙunshin kayanta, ta ɗaura kwanon sha, ta zura. Ta kurɓa, ta ce, "Ruwansa ne, bai canza ba." Tun daga ranar, kullum asuba ita ke ɗebo gugan farko. Ta cika buta ta ajiye a ƙofar ɗakin Baba, ko da zai iso da gajiya yana son alwala. In magariba ta yi bai zo ba, ta juye a gindin zogale, gobe ta sake. Ni ma, don kada in yi ƙarya, duk sanda na ji sallamar namiji mai kaurin murya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Mutane suka yi ta dawowa, tsofaffin 'yan unguwa da sababbi. Yara suka yi yawa, dattawa suka kafa rumfar kwano a jikin masallaci suka ce in riƙa koyar da su boko da safe, liman kuma ya karɓe su bayan azahar. Liman abokin Baba ne, tare suka zo kudu suna samari. Yaran nan, tabɗi! Turancin buroka a bakinsu kamar ruwa, Hausa kuwa sai an ja. Wata rana na tambayi wata yarinya sunan garinsu, ta ce Mile One, wata unguwa a nan Fatakwal. Na koya musu karatu da lissafi, ranar Laraba kuma darasin tsabta da tattali. Yanzu na ji ana taruwa a manyan otal-otal ana kiran abin da sunaye masu tsawo, kare muhalli, ci gaba mai ɗorewa, ana shan lemo. Mu tattali muke cewa: abin da ka tarar, ka yi amfani da shi yadda na bayanka zai samu. Muna tara ɓawon doya da ruɓaɓɓen ganye daga kasuwa mu yi taki, mu shuka alayyafo a gwangwanaye, mu tari ruwan sama a duro.

Sai kuɗin mai suka faso gari. Wanda jiya yake tura amalanke yau ya sayi babur, mai babur ya sayi mota. Wani Alhaji a unguwarmu, dillalin shanu ne a da, ya tara manyan motoci, ya buɗe gareji daidai bayan katangarmu. Makanikai suna juye tsohon man inji duro-duro, baƙi ƙirin, kuma Alhaji mutum ne mai kyauta. Ya ce duk mai so ya zo ya ɗiba.

Wanda bai zauna da mu ba zai ce me za a yi da baƙin mai. Ai a wurinmu magani ne. A arewa haka muka taso muka gani: a zuba shi a masai ya kashe wari da ƙudaje, a shafa wa katako don gara, a yayyafa a kwatami don sauro. Fatakwal kuwa ga gidajen katako, ga gara mai cin ƙofa kana kallo, ga ruwan sama ba dare ba rana. Mutane suka ga banza ta faɗi. Mata da galan, yara da gwangwani, layi guda a ƙofar gareji. Kowane masai a unguwar ya sha baƙin mai ya ƙoshi. Abin da ya rage, makanikai su tuttule shi a ƙasa, ruwan sama ya bi da shi. Babu wanda ya yi da mugunta. Mantawa muka yi cewa a garuruwanmu ruwa yana can ƙasa da nisa, a nan kuwa yana kusa, ramin masai ma yakan taɓo shi.

Wata safiya na zuba ruwan rijiya a farin kwano zan wanke fuska, sai na ga maiƙo a samansa, yana ƙyalli launi-launi kamar wuyan tantabara. Na shinshina. Warin gareji. Na kai wa Inna, ta duba ta ce robar guga ce ta tsufa. Na sayo sabon guga. Ta ce kwanon ne ban wanke da kyau ba. Na wanke shi da toka a gabanta har hannuna ya yi ja, na sake ɗebowa, ga shi nan dai. Ta kawar da kai ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba kya rasa abin ƙorafi."

Ranar darasin tattali na sa yara suka kawo gwangwanin madara, kowa ya huda gindin nasa da ƙusa, ya cika da ƙasar tsakar gidansu. Na zuba wa kowa cokalin baƙin mai a sama. Ƙasa ta shanye, na ce, "Ina man?" Suka ce ya tafi. "Ina ya tafi?" Suka ce ƙasa ta cinye. Na ce to, bari a yi ruwan sama. Na ɗauki buta na riƙa tsiyaya wa kowa, su kuma suna tara farin kwano a ƙasa. Da fari ruwa ya ɗiɗɗigo garau. Can sai maiƙo ya biyo. Rumfa ta kaure da ihu. Na ce, "Wa zai sha?" Babu. Na ce, "To, da safen nan kowa ya sha, a koko." Wata yarinya mai bakin tsiya, 'yar wani mahauci, ta dafe ciki ta ce, "Wayyo Malama, yanzu cikina ya zama injin mota?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don na san rijiyar wa nake nuna musu a cikin kwanon nan.

Na koya musu abin da za a yi a maimakon haka. Toka a masai, ita ma tana kashe wari. Kwatami a cike shi da yashi, a yi wa ruwa hanya. Baƙin mai ya zauna a duro mai murfi, masu injin yanka katako suna nemansa, su zo su kwasa. Ban ce su je su yi wa kowa wa'azi ba, Allah ya sani. Amma yaro in ya gano abu, ai sai unguwa ta ji. Suka bi gida-gida da gwangwanayensu suna yi wa iyaye ruwan sama. Suka riƙa ɓoye galan. 'Yar mahaucin nan ta je har gareji ta ce wa babban makanike, "Oga, you dey poison us," wato guba yake ba mu.

Ba a kwana da yawa ba aka aiko kirana zauren liman. Na tarar da dattawa a zaune, Alhaji mai motoci a tsakiya ya sha mur. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini, ko da yake zuciyata tana tafasa.

Alhaji ya ce, "Malama, abacada aka ɗauke ki ki koyar, ko raba 'ya'ya da iyayensu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsabta ma tana cikin abin da aka ce in koyar."

"A garinku ba a zuba baƙin mai a masai?"

"Ana zubawa."

"Wa ya taɓa mutuwa?"

"Alhaji, a garinmu in za ka ja guga sai ka naɗe igiya a kafaɗa ta yi maka nauyi. Tsakanin masai da ruwa tafiya ce mai nisa. A nan maƙwabta ne, ko zana babu a tsakaninsu."

Ya dubi sauran ya ce, "Kun ji 'yar boko. Ƙasar nan da mai yake fitowa daga cikinta, shi ne ɗan wanda muka mayar mata zai yi ɓarna?" Wasu suka yi dariya. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "To a kawo kwano in ɗebo maka, ka sha a gaban mutane." Liman ya yi gyaran murya ya ce in tashi in tafi, za su duba. Na san ma'anar za su duba. Da na koma gida Inna ta riga ta ji. Ta ce na zubar mata da mutunci, kuma in ina da abin faɗa a kan rijiyar ubana in faɗa mata ita, kada in kai shi zaure.

Yadda abin ya juya, ba hannuna a ciki. Wata rana liman yana karantar da yaran babin tsarki, ya zo kan ruwan da ya halatta a yi alwala da shi: wanda launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, ƙamshinsa bai canza ba. Ina cikin rumfa ina goge allo, ina jin su. Suka maimaita, suka sake maimaitawa, sai muryoyin suka riƙa raguwa. Can na ji 'yar mahauci ta ce, "Allah gafarta malam, to ruwan randar masallaci fa?" Na leƙa. Liman ya tashi da kyar, ya je randa, ya kamfato a moɗa, ya juya ta wajen haske, ya kai hanci, ya ɗanɗana ya tofar. Ya daɗe a tsaye da moɗa a hannu. Ranar sallar la'asar ta makara, don manya-manyan mutane da manyan riguna ne suke ta zagaye unguwa da butoci suna neman duron ruwan sama. Alhaji ma na gan shi a ƙofar rumfata yana tsiyaya daga duron yara.

Bayan sallar liman ya yi magana, gajeriya. Daga ranar babu wanda ya sake zuba baƙin mai a masai, gareji ya sayi duro masu murfi. Abin da na yi ta haƙilo a kai har aka kira ni mara kunya ya tabbata kafin magariba. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, don da na ce ciki zai lalace ba wanda ya motsa, sai da aka ce alwala.

Saura rijiya. Dattawa suka ce a yashe ta, sabon ruwa zai fito. Aka samo ƙarfafa suka kwashe ruwan, ɗaya ya shiga. Inna ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin rijiyar, duk bokitin laka da aka fito da shi sai an juye a gabanta ta tona da sanda. Na ce, "Inna, me kike nema?" Ta ci gaba da tono. Sai a lokacin na tuna rijiyar ta yi shekarun yaƙi ba mu nan, kuma ba mu san wanda ya rufe bakinta ba, ba mu san dalilinsa ba. Ashe ƙasusuwan Baba take nema. Na tsuguna kusa da ita, ni ma na ɗauki sanda. Muka ga fasassun tukwane, da sarƙar keke, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, da cokula. Da wanda ya shiga rijiyar ya ce ya kai ƙasa, babu saura, Inna ta sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Na gaya muku yana wani wuri."

Ruwa ya taru garau, kwana kaɗan maiƙo ya dawo. Aka sake yasa, ya sake dawowa. Man ya riga ya shiga ƙasar unguwar, duk ruwan saman da aka yi sai ya tura shi ciki. Mutane suka daina zuwa ɗiba. Masu hali suka koma sayen ruwan famfo wurin 'yan ga-ruwa, sauran suka dogara da duro. Tsakar gidanmu da a da ba ka jin maganar wani don ƙarar bokitai da gardamar mata, ta yi tsit. Da asuba sai gugan Inna kaɗai, ya faɗa ruwa ya fito. Ina kwance ina ji, wani lokaci cikin magagin barci sai in ɗauka Baba ne.

Ta ci gaba da sha. Na ɓoye guga, ta ɗaura kwano. Na sayo mata ruwa, ta yi wanki da shi. Ta fara ciwon ciki, ta rame, ta ce shekaru ne. Abin da ya fi ƙarfina shi ne baƙi. Kullum motoci suna sauke sababbin 'yan ci-rani daga ƙauyukan arewa, masu dako da masu haƙar kwalbati, ba su san komai a kan unguwar ba. Inna ta fitar da randa ƙofar gida ta cika, ta ɗora moɗa. Duk wanda ya wuce da gumi sai ta kira shi, "Ɗan nan, zo ka sha ruwa, sadaka ce." Su sha su yi mata addu'a. Ɗalibaina suka zo suka same ni, sun yi cirko-cirko, suka ce, "Malama, mun hana kowa, amma Innarki fa? Mu ba za mu iya yi mata magana ba." Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Na dawo gida na tuntsurar da randar a kwatami. Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

Na ce, "Inna, rijiyar nan sai an cike ta."

Ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. Ta ce, "Zauna." Na zauna. "Ke mai ilimi ce, ki ba ni amsa. In ubanki yana raye, da me zai gane gidansa? Kwano sabo, ƙofa sabuwa, unguwa duk ta canza, ni kaina na tsufa. Rijiyar nan kaɗai ta rage yadda ya bar ta. In kuma abin da kuke so in faɗa ne ya faru, to duk wanda ya kurɓa, lada yana isa gare shi inda yake. Ba shi da kabarin da za a je a yi masa addu'a. Wacce kike so ki toshe masa, hanyar dawowa ko hanyar lada?"

Ni da ba a kayar da ni a magana, sai ga hawaye. Na yi kuka sosai a ranar, irin na haushi. Da na share ido na ce, "Inna, mutumin da ya koma don tsofaffin da ba nasa ba, shi ne zai yarda a shayar da 'ya'yan mutane guba da sunansa?" Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Muka yi kwanaki ba ma magana sai gaisuwa.

Liman ne ya zo da kansa, da hantsi, yana dogara sanda. Ya zauna a tabarma daga bakin ƙofa, Inna tana daga ciki, ni ina gefe ina tsintar shinkafa ina kasa kunne. Suka yi doguwar gaisuwa, ta gajiya da ta ruwa da ta iyali. Bai kawo maganar cikewa ba. Ita ce ta fara.

"Malam, da gaske ne alwala ba ta yi da ruwan nan?"

"Da gaske ne, Innar Malama."

"To sallolin da na yi fa? Duk addu'ar da na yi masa, da wannan ruwan na yi alwala."

Ya ja carbi. Ya ce, "Allah ya ga niyyarki, kuma shi mai rahama ne. Ni ma da shi na ja mutane salla, ban sani ba." Ya ajiye carbin. "Amma yanzu kin sani, ni ma na sani."

"Ladansa fa?"

"Wanda ya samu ya samu, ba mai ƙwace masa. Shekara nawa unguwar nan tana sha? Abokina ya yi aikinsa ya gama." Ya tashi da sauri fiye da yadda ƙafarsa take so, ya yi sallama. Inna ba ta ce a cike ba, ba ta ce kada a cike ba. Washegari da asuba dai ban ji guga ba. Na yi ta sauraro a kwance har gari ya waye.

Alhaji ne ya aiko da tifar yashi, ba wanda ya roƙe shi. Aka juye a ƙofar gida. Bayan azahar maza suka shigo daga masallaci, tsofaffin da suka san Baba a gaba, sauran a baya. Na ɗauka za a yi hayaniya irin ta aikin gayya, da tsokana da dariya. Ba wanda ya ɗaga murya. Suka jeru tun daga ƙofa har bakin rijiya suna miƙa wa juna kwanon yashi hannu da hannu. Ɗalibaina suna tsaye a jikin katanga, 'yar mahauci ma ranar ba ta da baki. Da fari yashin yana faɗawa ruwa da ƙara. A hankali ƙarar ta canza, ta koma ta ƙasa a kan ƙasa. Duk wanda ya taɓa zuwa maƙabarta ya san wannan ƙarar. Mu mata ba ma zuwa, amma na gani a fuskokinsu. Wani dattijo ya cire hularsa ya mayar, bai san me zai yi da hannunsa ba.

Da yashi ya kusa baki, Inna ta fito daga ɗaki. Maza suka dare suka ba ta hanya. Ta tsuguna ta ɗebi yashi da hannu biyu ta zuba, ta shafe saman da tafinta ya yi sumul. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ban ji abin da ya roƙa ba, kunnuwana sun toshe. Aka shafa, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Kowa in ya zo wucewa ta gabanta sai ya ɗan rusuna, ya wuce.

Muka rage mu biyu. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta, ta zare awarwaro, ta miƙo mini. Ta ce, "Ajiye mini waɗannan. Gobe ki je kasuwa ki auno gero, a yi gumba. Ki gaya wa maƙwabta su zo gaisuwa."

Na ce, "Gaisuwar me, Inna?" Na sani sarai, so nake kada ta faɗa.

Ta ce, "Ta ubanki mana. Allah ya jiƙansa."

Wallahi a lokacin da ina da iko da na tone yashin nan da farcena, in mayar mata da guganta ta ci gaba da jira. Ta zuba mini ido tana sauraron amsa, 'yan kunnenta suna hannuna da ɗuminsu. Da kyar na ce amin.